Zaman Karatun Asabar: Tsarin Kristal da Zafin Ƙarfe

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗaliban kimiyyar ƙarafa na jami'ar KNUST da ke Kumasi, barkanmu da warhaka.

Za mu zauna ranar Asabar mai zuwa bayan La'asar, a ajin Islamiyyar da muka saba a Asawase. Masu shirin digiri na biyu ne suka nemi zaman, amma kowa ya zo.

Za mu fara da dokar Bragg ta 1913, yadda hasken eksire ke tona jerin atam a cikin kristal, sannan tsare-tsaren Bravais 14, wato ire-iren jerin da kristal ke iya ɗauka. Bayan Magariba sai taswirar ƙarfe da kabon, mai nuna yadda tsarin ƙarfe ke sauyawa da zafi da yawan kabon, kuma nan nake so mu daɗe. Idan ƙarfe ya huce a hankali, a wajen 727°C ostenait, tsarinsa na lokacin zafi, ke rikiɗewa ya zama falait (pearlite), tsari mai hawa-hawa da bai kai na ƙarfen da aka tsoma tauri ba. Maƙeran Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kuwa suna tsoma shi da zafinsa cikin mai, saurin sanyin ya hana wannan rikiɗar, ƙarfen ya yi tauri.

Kowa ya gwada lissafin makamashin Gibbs (mai nuna ko sauyi zai faru da kansa) da na tura, ko bai kai ƙarshe ba, ya zo da kalkuletarsa. A tura wa ma'aji sidi 10 ta MoMo (kuɗin waya) kafin Alhamis, na fotokwafi da ruwan sha.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kai mu lafiya.

Naku,
Sakataren rukuni