Wasiƙar Godiya Ga Cibiyar Binciken Dabbobi Ta Shika Da Ɗalibanta

Zuwa ga Darakta, malamai, ma'aikata da ɗaliban Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a fili maimakon in kai ta ofis a jefa a fayil, domin alherin da kuka yi mana ba a ɓoye kuka yi shi ba, bai kamata godiyarsa ta ɓuya ba. Ni tsohon malamin sakandare ne, na ajiye aiki na koma kiwo a gefen hanyar Giwa da 'yan shanuna da kaji. Da yawuna nake magana, da kuma yawun abokan kiwona, Hausawa da Fulani, waɗanda yawancinsu ba su rubutun boko, amma sun ce in faɗa muku sun gani kuma sun gode.

Jama'a da yawa suna wucewa ta ƙofarku a kan hanyar Funtuwa ba su san abin da ake yi a ciki ba. Wani ma idan aka ce masa Shika, asibitin koyarwa kaɗai yake tunawa. Alhali wurin nan tun 1928 yake a matsayin gonar kiwo, wato ya girmi jami'ar da kanta da shekara 34, kuma tun 1976 ya zama cibiyar ƙasa baki ɗaya. Wannan tarihi kun fi ni saninsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasu mutane da ba a cika ambatonsu ba idan ana yabon cibiyar: ɗaliban da ke neman digiri na biyu da na uku, daga Sashen Kimiyyar Dabbobi da Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Samaru, waɗanda ke yin bincikensu a gonakinku da ɗakunan gwaje-gwajenku, wani lokaci kuma a garkunanmu. Sunan Furofesa ne ake ji a rediyo, kuma ya cancanta. Amma wanda muke gani da asuba cikin takalmin roba, kashin shanu har gwiwa, ɗalibinsa ne.

Zan fara da barbarar zamani, domin ita ce ta fara haɗa mu.

Shanunmu Bunaji ne, farare masu baƙin kunne da baƙin hanci, irin da ya fi kowane yawa a ƙasar nan. Suna da juriyar rana da doguwar tafiya, amma nononsu kaɗan ne. Idan maraƙi ya sha, abin da zai rage a ƙwarya ba ya kai wa ga kasuwa da muhimmanci. Mun daɗe muna jin ana iya ɗura wa saniya maniyyin bijimin Firishiyan, wato irin shanun Turai masu yawan nono, ba tare da an kawo bijimin ba, amma ji kawai muke yi. Ranar da ma'aikacinku ya zo tare da wani ɗalibi, a kan idonmu aka buɗe tulun ƙarfen da ake ajiye maniyyin a ciki, farin tururi ya taso. Ɗalibin ya hana yara matsowa, ya ce ruwan da ke ciki naitirojin ne, sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, idan ya taɓa fata ƙonewa take yi. Da ɗan hantsaki ya zaro siririn bututu wanda abin da ke cikinsa bai wuce rabin mililita ba, ya tsoma shi a ruwan ɗumi mai zafin jiki na kamar daƙiƙa 30, yana duban agogo, bai kula kowa ba sai da ya gama. Sannan ma'aikacin ya sa safar hannu mai kaiwa kafaɗa, ya riƙe bakin mahaifa ta dubura da hannun hagu, ya shigar da bututun da dama. Kafin dattawan da suka zo kallo su gama musu a kan ko abin zai yiwu, an gama.

Abin da ya fi burge ni ba wannan ba ne. Haƙurin da yaron nan ya yi wajen koya mana gane lokacin da saniya take neman sa, shi ne ya tsaya mini a rai. Ya ce mana duk bayan kwana 21 take zagayowa, kuma shanunmu masu tozo ba su daɗewa a cikin halin, sau da yawa ma da dare suke nunawa, shi ya sa makiyayi kan rasa. Ya ce mu lura da wadda ta rage cin abinci, tana yawan kuka, tana hawan 'yan uwanta, ga yauƙi yana zuba, musamman wadda ta tsaya cak aka hau ta ba ta gudu ba. Wadda aka gani da safe a yi mata da yamma, wadda aka gani da yamma a yi mata washegari da safe. Bincikensa ma a kan wannan matsala yake: allurar da ake yi wa shanu domin su zo neman sa kusan lokaci guda, ta yadda zuwa ɗaya zai wadatar wa garke, ba sai an yi ta jigilar tulu saboda saniya ɗaya ba. Ba duka suka ɗauka ba, kuma tun kafin a fara ya gaya mana haka za a yi. Wannan gaskiyar tasa ita ta sa aka yarda da shi. Bayan wata biyu ya dawo ya duba ciki ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a littafinsa da lambar da ya maƙala wa kowace a kunne. Da wata tara ya cika da 'yan kwanaki, muka ga maruƙa masu dabbare-dabbaren baƙi da fari a turakunmu.

A nan ne zan yi muku godiya ta musamman, domin kun gaya mana abin da mai neman ciniki ba zai faɗa ba. Da muka ga karsanan nan sun girma sun haihu, nono ya ninka, wasunmu suka ce a ƙara musu jinin Turawa, a yi ta ƙarawa har su koma Firishiyan zalla. Wata ɗaliba mai neman digiri na uku, wadda aikinta a kan gadon halittar shanu yake, ta zaunar da mu a ƙarƙashin mangwaro ta ce, "Baba, rabin jinin nan da kuke gani yana da kyau ne saboda ɗaya rabin Bunaji ne. Uwar ce ta ba ta juriyar zafi da kaska. In kuka wanke jinin uwar, sai kun tanadi inuwa da ruwa da abinci da magani irin na ƙasar da uban ya fito." Mun san gaskiya ta faɗa, domin a yankinmu akwai wanda ya sayi saniyar waje zalla da kuɗi mai yawa a hannun wani dillali, ba ta ga ƙarshen bazarar farko ba. A ganina wannan shi ne bambancin wurin ilmi da shago. Kuna da tulun maniyyi a hannu, amma ba ku raina saniyar kakanninmu ba.

Haka kuma kuka nace mana a kan abinci, har wasu suka gaji da ji. Kun koya mana shuka waken lablab da ciyawar gamba, da yanka masara tana ɗanya a daddatsa a danne a rami a rufe da leda, a buɗe da rani lokacin da daji ya ƙone. Da harawa da dusa da angurya muka saba, yanzu mun ƙara da wannan.

Sai maganar jini. Shekarun baya ɓari ya yi yawa a garken wani maƙwabcina. Saniya sai ciki ya tsufa ta zubar, mahaifa ta maƙale. Fulani suna kiran abin bakkale. Ɗalibanku suka ɗebi jini a jijiyar wuya, suka bari ya kwanta, suka ɗiga ruwan da ya taso sama a kan farin faranti, suka gauraya da wani ruwa mai launin hoda. Cikin minti 4 na wasu shanun ya yi gudaji-gudaji, na wasu ya zauna sumul. Maƙwabcina da bai taɓa shiga aji ba ya ga cutar da idonsa. Suka ce masa wannan gwajin farko ne, za su tabbatar a ɗakin gwaji, amma tun daga ranar a daina shan ɗanyen nono a gidan sai an tafasa, kuma a daina taɓa abin da saniya ta zubar da hannu tsirara, domin cutar tana kama mutum ta zo masa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Wannan shawara kaɗai, Allah ne ya san rayuka nawa ta taimaka.

Sammore ma haka. Mu dai da mun ga saniya ta rame, gashi ya tashi, ido yana hawaye, sai a nemi Berenil ko Samorin a tsira mata, ko sammoren ne ko ba shi ba. Wani ɗalibi ya bayyana mana cewa idan ƙwayoyin cutar ba su da yawa a jini madubin likita ba ya ganinsu, sai a ce dabba lafiyarta ƙalau. Amma akwai gwajin da ake kira PCR, wanda ke ɗaukar ɗan guntun ƙwayar gadon cutar ya yi ta ninka shi a cikin na'ura har ya bayyana, ya kuma nuna wane iri ne. Wannan yana da amfani domin wani irin ba ƙudan tsando kaɗai ke yaɗa shi ba, wasu ƙudaje masu cizo ma suna ɗauka daga wannan saniya zuwa waccan, shi ya sa ake ganinsa a inda babu tsando. Ya kuma ja mana kunne cewa rage awon magani don ya isa shanu da yawa shi ke sa cutar ta saba da shi ta daina ji. A bakinsa na fara jin cikakken labarin marigayi Furofesa Andrew Nok na wannan jami'a, wanda ya yi shekaru yana bin diddigin sinadarin da ƙwayar sammore ke fitarwa yana lalata jajayen ƙwayoyin jini har dabba ta ɗashe. Aikin ya kai shi ga lashe babbar kyautar kimiyya ta Najeriya a 2009, ya rasu a 2017. Na ji daɗi ƙwarai da na san cewa a nan Samaru aka yi wannan aiki, kuma ga na baya sun ɗora.

Abu guda ne ya haɗa duk waɗannan yara, kuma na tabbata daga malamansu suka samo shi: suna dawowa. Makiyayi ba ya son a taɓa jinin dabbarsa, kuma yana da dalili, domin an sha ɗiban jini a rugage a tafi, shiru kake ji. Naku kuwa, bayan makonni sai ga yaro a kan babur da takarda, ya zauna a tabarma ya ce lamba kaza tana da kaza, lamba kaza lafiya lau, da Hausa, in ya kama a nemo mai Fillanci. Jinin da aka ɗauka ya dawo da amsa. Shi ya sa yanzu idan aka ce 'yan Shika ne, Arɗo da kansa yake riƙe ƙaho.

Uwargidana ta ce kada in kuskura in rufe ba tare da na ambaci kazarta ba. Shika Brown, wadda kuka yi shekaru kuna tacewa har aka fitar da ita a 2000, ita ce ke saya wa jikokinmu littafi da sabulu. Tana jure zafin watan Afrilu, ƙwanta mai jan ɓawo kuma ba ya kwana a faranti. Ta ce a gaishe ku.

Na koyar shekaru masu yawa, na san ɗalibi mai wahala idan na gan shi. Yaran nan yawancinsu magidanta ne ko matan aure, wasu suna aiki suna karatu. Sinadaran gwaji daga waje ake sayo su da dala, kuma ba su jure zafi, dole su zauna cikin ƙanƙara dare da rana. Na san wanda ya sayar da babur ɗinsa don ya kammala gwajin samfurin da ya ɗauka a garkunanmu, kuma bai karɓi ko kwabo a hannunmu ba. Don haka ina kira ga masu hali na ƙasar Zazzau, da kamfanonin madara, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya da aka kafa a 2024, su dubi wannan wuri. Ɗaukar nauyin binciken ɗalibi guda bai kai kuɗin mota ɗaya ba, amfaninsa kuwa yana shiga garke ɗari. Akwai aiki jibge yana jiran masu yi: a tantance gadon Bunaji da Bokolo da Rahaji a gano waɗanda suka fi nono a cikinsu a yaɗa irinsu, a adana maniyyin shanun Kuri na tafkin Chadi da ke ta raguwa, a kula da jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna a duniya, da tumakinmu 'Yankasa da Uda da Balami.

Gare ku kuma, ranku ya daɗe, roƙona ɗaya ne. Idan ɗalibai sun kare kundayensu a gaban malamai, a ware rana guda a shekara, bayan an kawar da amfanin gona, a tara mu a Shika, kowane ɗalibi ya tashi ya gaya mana da Hausa abin da ya gano. Za mu zo da kuɗin motarmu, mata za su zo da kindirmo.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba yaran nan sa'ar kammalawa, ya jiƙan malamanku da suka riga mu gidan gaskiya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai kiwo daga hanyar Giwa, Zariya, a madadin abokan kiwonsa.