Amsa ga ƙanina da ya ce Rohit Shetty ba darakta ba ne

Assalamu alaikum ƙanina.

Tambayar da ka jefo min a gaban jama'a ita ce wai Rohit Shetty darakta ne da gaske ko kuwa ɗan gwangwan ne da ya samu kyamara, tunda ba abin da ya iya sai cilla motoci sama su faɗo su tarwatse. Na yi dariya sosai, amma tunda a fili ka tambaya to a fili zan ba ka amsa.

Darakta ne, sai dai ba irin wanda kake nema ba. Ka fara duba gidan da ya fito. Babansa M.B. Shetty shi ne bos ɗin nan mai ƙwalƙwal ɗin kai na finafinan Indiya na shekarun 1970, iyayenmu da suka yi zamanin silima sun san fuskarsa ko da ba su riƙe sunan ba, kuma babban aikinsa shi ne tsara faɗa a bayan kyamara. Ya rasu a 1982 Rohit yana yaro ƙarami, gida ya shiga wani hali. Yana ɗan shekara 17 ya shiga masana'antar a matsayin yaron darakta Kuku Kohli a fim ɗin Phool Aur Kaante na 1991, shi da bakinsa ya ce rupi 35 ake ba shi a rana. Fim ɗin nan shi ne na farkon Ajay Devgn, wanda ya shigo yana tsaye ƙafa ɗaya kan wannan babur ɗaya kan wancan, kuma shi ma Ajay babansa Veeru Devgan mai tsara faɗa ne. Kaga ƴaƴan masu sana'a ɗaya ne suka haɗu, shi ya sa har yau ba sa rabuwa.

Shekara goma sha biyu yana yaron wasu kafin ya yi nasa. Zameen ya fito 2003, fim ɗin faɗa ne, bai yi wani tashe ba. Abin da ya ceto shi barkwanci ne, Golmaal a 2006, sannan na biyu da na uku. Sai 2011 ya dawo finafinan faɗa da Singham, inda Ajay ya fito a ɗan sanda mai wannan sunan, daga nan ne ya zama Rohit Shetty ɗin da kake wa tsiya.

A nan zan ba ka gaskiyarka. Labari ba ƙarfinsa ba ne, aro yake yi. Singham daga fim ɗin yaren Tamil ne na jarumi Suriya da aka yi a 2010, har bos ɗin ma Prakash Raj ɗin dai aka ɗauko, Simmba na 2018 kuma daga Temper na yaren Telugu. Wurin nan a Singham da Ajay yake fitowa daga mota tana juyawa, kowa yana tafi, wanda ya ga fim ɗin Amurka Red na Bruce Willis ya san inda aka samo shi. Matan finafinansa na ƴan sanda yawanci waƙa biyu ne sai a manta da su. Cirkus na 2022 kuwa wallahi ban iya ƙarasa shi ba, kuma kasuwa ma ta ƙi shi.

Amma fa tashin motar da kake rainawa aiki ne. Sai an auna gudun motar da inda za ta sauka da inda kowace kyamara za ta tsaya, ga direba a ciki da ransa, in aka yi kuskure ba a cewa a sake, motar ta riga ta tafi. Kuma in ka lura a faɗansa kana gane wa ya daki wa, ba a girgiza kyamara don a ɓoye rashin iyawa. Ya san lokacin da zai ja maka rai, bos ya yi ta cin mutuncin mutane har ka cika fam, sannan marin Singham ya sauka. Ka shiga gidan kallo ana nuna fassararsa ta Hausa ka ji ihu a daidai wurin nan, mutanen da ba su san inda Goa, jihar Indiya da labarin ya faru a cikinta, take ba.

Chennai Express da ya yi da Shah Rukh Khan a 2013 ya karya tarihin kuɗi a lokacinsa. Sooryavanshi na 2021 yana cikin finafinan da suka fara dawo da mutane silima bayan korona, kuma ya haɗa Akshay Kumar da Ajay da Ranveer Singh a duniyar ƴan sanda guda.

Abin da yake damuna da shi yanzu daban ne da naka. Singham Again na 2024 taurari sun yi yawa har ba wanda ya samu fili, kuma aikin kwamfuta ya fara cinye motocin gaske. In za ka zage shi, ta nan za ka kama shi, ni ma sai in taya ka.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka.