Me ya yage wa kazata fata a ƙarƙashin fiffike?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka na shirin noma da kiwo. Ni matar aure ce a unguwar Pantami cikin garin Gombe. Ina ɗan kiwon kajin Hausa a bayan ɗaki, da su nake rufa wa kaina asiri wajen kuɗin sabulu da na Islamiyyar yara. Wata magana ce ta raba kan mutanen gidanmu, shi ya sa na ce bari in kawo ta gaban masana.

A makon jiya da safe na buɗe akurki, kowace kaza ta fito a guje sai wake-waken nan tawa, wadda ta fi kowace ƙwai. Ta fito tana jan fiffiken hagu. Da na ɗaga shi sai na ga fatar haƙarƙarinta ta yage, tsawon yatsa guda, har ana ganin tsoka. Jinin ya riga ya bushe. Na bi jikinta kaf ban ga hudar haƙori ba, babu kumburi, wurin bai yi baƙi ba, wuya da kai lafiya lau. Ƙwanta ma yana nan yadda na bar shi. Abin da na lura da shi kawai, gashin gadon bayanta ya zube, kuma ba ranar ya fara zubewa ba.

Maigida ya ce gafiya ce. Gidanmu bai da nisa da kwari, ka kuwa san yadda kwaruruwan Gombe suke da damina, ciyawa da shara, ba abin da ba ya fitowa daga ciki. Akwai ma wani ɗan rami a gindin akurkin. To amma na zuba toka a bakinsa na kwana ina jira, da safe ban ga sawun komai ba, sai na kiyashi. Inna, wato surukata, ta ce shirwa ce ta kai mata sura. Ban yi mata musu ba don girmanta, sai dai ni a iya sanina 'yan tsaki shirwa take ɗauka, kuma da rana, ita kuwa wannan lafiyarta ƙalau na kora ta akurki da magariba. Ko kuwa ciwon yana nan tun yamma fiffike ya rufe shi? Wannan ma yana yiwuwa, don ba ɗaga su nake yi ɗaya-ɗaya ba.

Yara kuma sun dage kyanwar maƙwabciyarmu ce, wai sun sha ganinta a kan katanga. Wannan zancen shi ya fi damuna. Babban ɗana har ya fara tara duwatsu, na tsawatar masa. Matar nan mun daɗe muna zaman mutunci, ita ke ba ni aron turmi, ba zan so zargi marar tushe ya shiga tsakaninmu a kan kaza ba. Kyanwar ma ta girma tare da kajin, a gabanta suke kiwo ba ta ko ɗaga kai.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga zakaranmu. Kafin azumi maigida ya sayo wani ƙaton zakaran Noila da niyyar yankan Sallah, daga baya ya ce a bar shi don gyaran iri. Ya kusa ninka kajina nauyi, farcensa kamar ƙusa, ga kuma wannan tsinin da ke bayan ƙafarsa ya yi tsawo. Kaji huɗu kacal gare ni, alhali na taɓa ji a shirinku cewa zakara ɗaya yana isar kaji wajen goma. Wake-waken ita ya fi bi, wuni yake yana tattaka ta. Da na faɗa wa maigida sai ya yi dariya, ya ce ina aka taɓa jin zakara ya yanka matarsa. Akwai kuma langa-langar da muka yi wa akurkin ƙofa da ita, ta yi tsatsa, bakinta da kaifi, amma ban ga jini ko gashi a jikinta ba.

Malam, ta yaya ake gane ciwon farce da na haƙori da na ƙarfe a jikin kaza? In zakaran ne, yanke masa farce zai wadatar, ko raba shi da su zan yi, ko a sa masa wuƙa kawai?

Batun magani ma ina neman haske. Na wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, na shafa shuɗin maganin ciwon nan na kemis, na keɓe ta cikin kwando a kicin, domin 'yan uwanta da sun ga ja sai su hau saran wurin. Tana cin dusa da gero, tana shan ruwa, amma ta daina ƙwai. Masu ba da shawara sun yi yawa: wannan ta ce man kaɗanya, waccan ta ce in fasa kafson ja-da-yalo in barbaɗa, wani ma cewa ya yi baƙin man inji, wanda ban yarda da shi ba sam. Wanne ya dace? Fatar za ta haɗe da kanta ko sai an ɗinke? Ƙudaje sun yi yawa yanzu, ina tsoron tsutsa ta shiga. In kuma na ba ta kafso, sai yaushe yara za su iya cin ƙwanta?

Inna tana ta cewa a yanka ta tun ba ta zama mushe ba. Na roƙe ta ta ɗan saurara har mu ji amsarka a shiri mai zuwa, ta yarda da ƙyar.

Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri.

Mai sauraronka kullum,
wata uwa daga Pantami, Gombe.