A Waiwayi Tarihin Obalende Kafin Ya Ɓace

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan Obalende, unguwar nan da ke tsakanin Tsibirin Legas da Ikoyi. Yau da an ambace ta, abin da ke faɗo wa mutane shi ne tashar motocin ƙarƙashin gada, da cunkoso, sai kuma tsiren dare. To, ai ba nan tarihinta ya tsaya ba.

A 1863 ne Bature John Glover ya kafa 'yar rundunar Hausawa a Ikko (wato Legas), wadda Sojan Najeriya ke ɗauka a matsayin tushensa har gobe. Zaman sojoji da iyalansu da 'yan kasuwar da suka biyo su ne ya raya wannan yanki. Sunan ma, da Yarbanci, ana fassara shi da "inda sarki ya koro mu". Daura da unguwar kuma ga Barikin Dodan, inda aka mulki ƙasar nan har zuwa 1991 da aka koma Abuja. A kan hanyarsa ta zuwa can aka kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976.

Amma je ka gani bayan ruwan sama: magudanai a toshe, tsofaffin gidaje ana rushe su ana dasa benaye, haya ta fi ƙarfin jikokin waɗanda suka share wurin. Ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya zauna da dattawan unguwar tun suna raye, a naɗi abin da ke bakinsu.

Naku,
Mai karatu daga Legas