Jan ƙwai ne ke cinye wa talaka katin wuta

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Laraba ya ɓata min rai, har yanzu ban huce ba. Baƙonku ya ce wai ƙwan LED, sabon ƙwan lantarki mai tsimin wuta, na masu hali ne, talaka ya ci gaba da sayen jan ƙwai, tsohon ƙwan nan mai zafi, tunda ya fi arha. Mai gabatarwa kuma sai gyaɗa masa kai yake yi da baki, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. Haba Malam!

To ga lissafin da ya kamata a yi masa. Jan ƙwai mai wat 60 da LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. In ana kunna su awa 6 kullum, a wata jan ƙwai zai sha kusan yunit 11, LED ko 2 ba zai cika ba. Gida mai ƙwai 5 ke nan yunit 54 ne a kan 8. Tun da aka kai wa 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, yunit naira 225 a Afrilun 2024, wane mai mita ne ba ya leƙa lambar da ta rage masa safe da yamma? Jan ƙwai awa 1,000 ne ya mutu, LED na kirki yana kai 15,000 ko fiye. Ina arhar take?

Ni tela ne a Mabera, ƙwan yana rataye daidai saman kaina da keke. A bazarar Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, ga jan ƙwai yana gasa maka ƙeya, zufa na ɗiga a kan shaddar mutane. Ai dole, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Da na canza su duka zuwa LED, kati ya fara daɗewa, ƙaramin janaretona ma ya daina kuka in na ƙara masa fanka.

Da baƙon ya san abin da yake faɗa, da maganar jabun LED ya yi. Ita ce ciwonmu. Ka sayi ƙwai an rubuta wat 20 a kwali, ka ɗaura, haske kamar aci-balbal, kafin wata ya fara ƙifta ido ya mutu. Wannan ne ke korar mutane. A koya mana yadda za mu gane mai kyau, a kuma yi maganar waɗanda ba su da mita, da ake rubuto musu kuɗi da ka ko sun canza ƙwai ko ba su canza ba.

Sannan layin wayarku. Kullum muryoyi uku ko huɗu ne ke shiga, su yi ta gaishe-gaishe har lokaci ya ƙare, mu da ke da magana muna ta kira a banza. Don Allah a gyara, kuma a sake shirin nan da wanda ya iya lissafi.

Mai sauraronku,
Tela daga Mabera, Sakkwato