Wasiƙa daga Beijing

Abokina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da uwargida da yara. Ni ma lafiya ƙalau, sai dai sanyi. Abin da muke kira hunturu a Kano wasan yara ne. A nan tafki daskarewa yake yi har mutane su hau kansa suna zamiya. Kuma sai ranar 15 ga Nuwamba ake kunna ɗumin gidaje, kafin nan da rigar sanyi biyu nake kwana.

Ka tambaye ni abin da ya fi ba ni wuya, na san ka zaci abinci ne. To, gaisuwa ce. Watana na farko, kullum da safe nakan haɗu da wani dattijo maƙwabcina a bakin ƙofa. In rusuna in gaishe shi, shi kuwa ya ɗan gyaɗa kai ya wuce. Har na fara tunanin ko na yi masa laifi. Ranar da ya saki jiki da ni, sai ya ce, "Ka ci abinci?" Na ce a'a, na tsaya ina jiran bisimilla. Mutumin nan ya kama gabansa! Da na ba ɗalibaina labari, har da masu riƙe ciki don dariya. Ashe gaisuwarsu ce, kamar "ina gajiya" a wurinmu, wadda ba mai jiran ka zayyana masa gajiyarka.

Ɗaliban kuwa sai sambarka. Hausa ba baƙuwa ba ce a garin nan, tun 1963 Rediyon Sin yake watsa shirye-shirye da ita. Kowane ɗalibi ya zaɓi sunan Hausa, ka ga Basine ana kiransa Ɗanladi yana amsawa. Karin sauti ba ya ba su wahala, don harshensu yana da guda huɗu. Ƙ da ɗ da ɓ ne dutsen da ya tare musu hanya, sai "ƙafa" ta koma "kafa". Mako guda cur muka yi a kan gaisuwa kaɗai. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in mutum ba shi da lafiya aka ce masa ina kwana, don me zai ce lafiya lau?" Wallahi na yi shiru. Shekara arba'in ina faɗa ban taɓa tambayar kaina ba. Na dai ce mata ciwo a layi na biyu yake zuwa, bayan an gode wa Allah. Ta rubuta a littafinta, amma fuskarta ba ta gamsu ba.

Ladabinsu yana hannu. Da hannu biyu ɗalibi yake miƙo maka takarda. Ruwan zafi kuwa shi ne maganin komai, ko tari ka yi sai a ce ka sha. Kuɗin takarda na manta rabona da shi, mai gasa dankali a bakin titi ma da waya ake biyansa.

Ranar Juma'a ranar aiki ce, amma na roƙa an ɗage mini darasin rana. Nakan je masallacin Niujie, wanda aka gina tun shekarar 996. In ka hango rufinsa ba za ka ce masallaci ba ne, ginin Sinawa ne tsantsa. Tsofaffin Musulmin ƙabilar Hui da fararen hulunansu suna riƙe hannuna su daɗe ba su saki ba. Ba ma jin harshen juna, amma a nan kaɗai nake ƙoshi da gaisuwa. Daga nan in sayi naman rago a unguwar in koma gida.

Kukata da daddawa sun kusa ƙarewa, yajin ma saura na gindin kwalba. In ka ji mai tahowa, a taimaka. Kuma don Allah ka daina kirana bayan isha'i. Mun riga ku da awa bakwai, ƙarfe uku na dare wayarka take tashe ni.

Ka gaishe mini da mutanen majalisa, ɗaya bayan ɗaya.

Naka,
Habibu