Zuwa ga Inna, daga Agege: dalilin da ya hana Hadiza zuwa wanka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna, bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida a Maraɗi. Na zaɓi in rubuto ne saboda maganar ta fi ƙarfin waya: in na kira, ko layi ya yanke, ko kuka ya ci ƙarfinki kafin in kai ƙarshe. Ki sa Nasiru ya karanta miki a natse, don shi ma yana da nasa rabo a ciki.

Saƙonki ya iso ta bakin direban da ya kawo mana albasa kasuwar Mile 12. Ya ce kin tara itace, kin gyara ɗaki, kina jiran Hadiza ta zo ki yi mata wankan jego, tunda tun rasuwar mahaifiyarta ke kika zame mata uwa. Ya kuma ce ranki ya ɓaci da kika ji na hana ta tafiya. Inna, ki yi mini afuwa, ba raini ba ne. Ga abin da ya faru.

Kwana 3 da haihuwa mura ta kama ta, hancinta ya toshe. Ni da hannuna na je kemis na sayo mata maganin mura. Washegari da hantsi, dattijuwar maƙwabciyarmu 'yar Katsina tana yi mata wanka da ruwan zafi da ganyen darbejiya, sai na ji ihu. Na tarar da ita durƙushe, ta riƙe ƙeya da hannu biyu, tana cewa an sara mata gatari. Kin san Hadiza, ko a naƙuda ba a ji muryarta ba. Ciwon bai yi sallama ba, bai taso a hankali ba. Kafin minti 1 ya kai maƙura. Ta yi amai, ta ce a rufe taga, haske yana soka mata ido. Bayan kamar awa 2 ya lafa.

Mu kuwa sai muka ce iska ce ta taɓa ta a banɗaki. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi. Mai kemis ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya ƙaro ƙwayoyi. Kwana 2 bayan nan ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, ciwon ya sake dawowa. Aka yi suna tana daurewa, tana yi wa baƙi murmushi. Washegarin suna ya dawo karo na uku, kuma a wannan karon ta ce tana ganin hazo, hannunta na hagu ya yi nauyi har jaririya ta kusa suɓuce mata. Nan na daina jin shawarar kowa. Muka shiga keke, cunkoson Legas ya riƙe mu a hanya, kanta a kafaɗata, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

A asibiti sun auna jininta, ya hau 170 bisa 100. Suka gwada fitsari don su ga ko jijjigar masu haihuwa ce ke tafe. Suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, hoton ya fito fes, babu komai. Na yi hamdala na fara tattara kaya, sai likitar, wata Bayarabiya mai haƙuri, ta zaunar da ni. Ta ce ciwon kai da ke faɗowa kamar aradu ba a sallamarsa da hoto ɗaya, domin abin da suka fi tsoro shi ne wata jijiya ta kumbura ta fashe, jini ya zuba a cikin kai. Suka ɗebi ruwan gadon bayanta da allura, irin yadda ake yi wa masu sanƙarau a can gida. Ba sanƙarau ba ne, ba kuma jini.

Sai bayan mako guda, da suka yi mata allurar wani ruwa suka ɗauki hoton jijiyoyin kanta, abin ya bayyana. Likitar ta nuna mini da bakin biro. Inna, kin ga carbinki? Haka jijiyoyin suka zama: nan a tsuke, nan a buɗe, nan a tsuke kuma. Suna kiran ciwon RCVS a taƙaice. Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ne ke matsewa da kansu, kuma sau da yawa hoton farko ba ya nunawa sai an kwana biyu. Ta ce ya fi samun mata, kuma ba ciwon tsofaffi ba ne, masu ƙarfi a jika yake kamawa. Makonnin farko bayan haihuwa na daga cikin lokutan da ya fi zuwa. Wanka, tari, yunƙuri ko ɗaga kaya mai nauyi kan iya tayar da ciwon kan.

Da ta ce in kawo duk maganin da Hadiza ta sha, ta juya kwalin maganin murar nan ta nuna mini wani suna, pseudoephedrine. Aikinsa ya tsuke jijiyoyin hanci don numfashi ya buɗe, amma ba a hanci kaɗai yake tsayawa ba. Ba ta ce shi kaɗai ne sanadi ba, ni dai har yau in na tuna ni na miƙa mata shi da kofin ruwa, barci ƙaurace mini yake.

Abin godiya ga Allah, wannan matsewa takan sake da kanta, galibi cikin wata 3. Haɗarin yana cikin makonnin farko, lokacin da kan iya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko zubar jini, ko farfaɗiya. Sun ɗora ta a kan wata ƙwaya, nimodipine, sun hana ta aikin ƙarfi da ruwa mai tsananin zafi. Kunun kanwa ma an hana, saboda gishirin da ke cikin kanwa yana ƙara hawan jini. Na san da shi kika yi jegonmu mu bakwai kuma Allah ya raya mu, amma jikin Hadiza a yanzu ba zai ɗauka ba. To ki duba tafiyar kanta: kwana da yini a mota daga nan zuwa Katsina, ramuka, tsaye-tsayen hanya, sannan Jibiya da ƙetare iyaka. In ya tashi mata a tsakiyar daji, ina zan ga na'urar hoton? Addu'a ba mu bari ba, limamin masallacinmu kullum yana sa ta a ciki bayan Asuba.

Nasiru, kai kuma. Likitar ta ce a cikin samari, wiwi da hodar iblis da ƙwayoyin ƙara kuzari na cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan ciwo. Ban ce kana sha ba. Na dai san tashar da kake zama da waɗanda kake kwana kabu-kabu da su. Duk wanda ka ga ciwon kai ya faɗo masa farat ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba, kada ka tsaya saya masa Panadol, ka ɗora shi a babur zuwa babban asibiti, ko da ya ce ya ji sauƙi.

Yau kwana 12 rabon da ciwon ya dawo. Hannun ya saki, jiya da kanta ta ɗaura wa jaririya zane ta goya ta. Sunanki muka sa mata, muna kiranta Ummi, kuma duk wanda ya san ki ya ce goshinki ta ɗauko. Za a sake hoton idan wata 3 ya cika. In jijiyoyin sun koma daidai, da kaina zan kawo miki su biyun.

Na ba direban saƙo a ambulan, ki cire na itacen da kika saya. In zai dawo, Hadiza na roƙon busasshen zogale da kuka, na nan ba su da ƙamshi. A gaishe da Baba, da Gwaggo, da Yaya Ilu da iyalinsa.

Ɗanki,
Mamman